Kocina ya ce in ƙara gudu, abokina ya ce gudu ɓata lokaci ne

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 22, ina damben zamani, amma ban kai matakin ƙwararru ba tukuna. Tun ina ɗan shekara 16 nake hannun kocina, wani dattijo da ya yi dambe a zamaninsa, Baba muke ce masa. Bai taɓa karɓar komai a hannuna ba, safar dambena ta farko ma shi ya ba ni. A tsarinsa kullum da asuba sai mun yi gudun kilomita 10, kwana shida a mako, da yamma kuma mu shiga atisaye.

A wasana na ƙarshe na ci turmin farko sarai, amma tun tsakiyar turmi na biyu numfashina ya ƙare, hannuwana suka yi nauyi kamar ba nawa ba, aka cinye ni da maki. Baba ya ce gudun ne bai ishe ni ba, ya ƙara mini kilomita 2. Wani abokina mai koyar da motsa jiki kuma ya ce gudu tsohon yayi ne, ai ba tsere zan yi a fili ba, in tsaya kan buhun naushi da atisaye mai zafi na gajeren lokaci kawai. Na bi shawararsa a ɓoye. Mako uku ke nan ban fita gudu ba, ina ce wa Baba a wata hanya nake yi ni kaɗai. Gaskiya jikina ya fi sakewa, naushina ya fi kaifi, ciwon da ƙwaurina na hagu ke yi ma ya ragu. Amma duk ranar da ya dafa kafaɗata ya ce “ka ga gudun nan ya fara karɓar ka,” sai in ji kamar in nutse. Saura mako takwas in sake wasa, kuma akwai kilo 3 da zan sauke. Da can da rigar leda nake gudu don in yi gumi. Wa ke da gaskiya a cikinsu? In Baba ne, me ya sa na gaji? In abokina ne, ta yaya zan gaya wa mutumin da ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa cewa tsarinsa ya tsufa?

Wani ɗan dambe

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka kwantar da hankalinka tukuna. Yaron da ake yaba masa kan abin da bai yi ba, ya ji kunya ta rufe shi, bai lalace ba. Za mu zo kan Baba, kuma a can nauyin maganar yake. Amma bari mu fara da numfashin, domin ba za ka iya zama a gabansa ba sai ka san abin da za ka faɗa masa.

Jiki ba ta hanya ɗaya yake samar da ƙarfi ba. A cikin tsoka akwai wani sinadari da ake kira fosfokiriyatin, shi ke ba ka ƙarfin farat ɗaya, lokacin da ka saki naushi huɗu ko biyar a jere da iyakar ƙarfinka. Ɗan kaɗan ne ƙwarai, in ka ƙure shi cikin daƙiƙa 10 ko kusa da haka ya yi ƙasa. Bayan shi akwai ƙona sukari ba tare da jiran iska ba, wanda kan riƙe ka na ɗan lokaci ya bar maka tsoka da zafi da nauyi. Na uku shi ne wanda zuciya da huhu ke ɗauke da shi, wato aiki da iskar oksijin. Ba shi da zafin nama, amma ba ya ƙarewa da wuri. Abin da abokinka bai gaya maka ba shi ne na ukun nan ne ke mayar da na farkon. Ka ɗauki ƙarfin farat ɗaya a matsayin ƙaramin kofi, zuciya da huhu kuma famfon da ke cika shi. Duk sanda ka yi ruwan naushi, kofin ya zube. 'Yan daƙiƙoƙin da kake zagaye abokin karawarka, da minti ɗayan da kake zaune a kusurwa, su ne lokacin tara ruwa. Kusan rabi kan dawo cikin daƙiƙa 30, amma kafin ya cika taf sai an yi minti 3 zuwa 5, kai kuwa minti ɗaya tak aka ba ka. Mai famfo mai ƙarfi zai tashi turmi na biyu da kofi kusan cike, wanda nasa ke ɗiga kuma ya tashi da rabi. Gudu, musamman na sassarfa mai ɗan tsawo, famfon nan yake ƙara wa ƙarfi: zuciya ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya, ƙananan hanyoyin jini su ƙaru a cikin tsoka.

A 2014 an wallafa wani bincike da aka yi kan 'yan dambe masu tasowa, a wasan gwaji mai turmi uku na minti bibbiyu, aka auna daga ina ƙarfinsu ya fito. Kashi 77 cikin ɗari ta hanyar iskar nan ya zo, kashi 19 daga fosfokiriyatin, kashi 4 kacal daga ƙona sukari. Naka wasan ya fi wannan tsawo, turmi uku ne na minti uku-uku, saboda haka kason iska ba zai gaza haka ba. Ka ga ashe Baba ba shirme yake yi ba. A Tailan, inda a damben gargajiyarsu suke turmi biyar na minti uku da hutun minti biyu, da wuya ka sami sansanin horo da ba a fita gudun safiya. Muhammad Ali da takalma masu nauyi yake nasa gudun a sansaninsa na Deer Lake, a jihar Pennsylvania ta Amurka.

Sai dai ka lura da abin da su Ali ke shiryawa. A lokacinsu wasan cin kambun duniya turmi 15 ne, minti 45 na dambe. Sai bayan mutuwar ɗan damben Koriya ta Kudu, Kim Duk-koo, a 1982 aka fara rage shi zuwa 12. Tsarin dogon gudu kullum daga wancan zamani aka gaje shi, kuma don wancan dogon zangon aka yi shi. Kai minti 9 za ka yi. Kilomita 60 a mako, yanzu ma 72, wannan nauyin ɗan tsere ne, ga shi kuma ka ɗora shi kan atisayen yamma. A nan abokinka ke da tasa gaskiyar. Jiki abin da aka saba masa yake ƙwarewa a kai. Sassarfa ba ta koya wa kafaɗa riƙe hannu a sama na minti tara, ba ta koya maka yadda za ka ja numfashi bayan an zuba maka naushi a haƙarƙari, ba ta koya wa wuya da baya jure turereniya idan aka rungume juna. Waɗannan sai a kan buhu, da matashin hannu da koci ke riƙewa, da damben gwaji. Kuma wanda ya ƙone ƙafafunsa da asuba, da yamma zai yi wannan aikin ne a gajiye, ya koyi naushi a sanyaye, ya koyi taku a daddafe. Tun a 1980 wani masani mai suna Robert Hickson ya nuna cewa mutanen da suka haɗa ɗaga ƙarfe da gudu da tuƙa keke mai tsanani kwana shida a mako, ƙarfin ƙafafunsu ya daina ƙaruwa wajen mako na bakwai, daga baya ma ya fara raguwa. Yawan ne ya yi ɓarnar, ba gudun kansa ba.

Na san kuma abokinka ba zai rasa ambata maka atisayen nan na daƙiƙa 20 aiki, 10 hutu ba. Daga binciken Izumi Tabata na Japan ya samo asali, a 1996. Abu biyu ne masu yaɗa shi ba sa faɗa. A kan keke aka yi shi, da tsananin da zuwa zagaye na bakwai ko na takwas mutum ba ya iya ci gaba, ba irin tsalle-tsallen da ake yi ana hira ba. Sannan waɗanda aka gwada a kansu, rana ɗaya a mako sai sun yi tuƙin minti 30 a natse. Ko a tushen abin da yake kafa hujja da shi, ba a yar da aikin natsuwa ba.

To me ya sa jikinka ya fi daɗi cikin makon nan uku? Hutu ne ka samu. Ka daɗe kana ɗauke da gajiya, ka sauke ta, ƙarfin da ke ƙarƙashinta ya bayyana. Kuma ƙarfin nan shekara shida Baba ya yi yana gina shi. Juriyar zuciya da huhu takan fara zaizayewa cikin mako biyu zuwa huɗu idan aka daina ciyar da ita, kodayake atisayen yamma zai rage saurin zaizayewar. Yanzu kana daidai wurin da gajiya ta tafi, juriya ba ta tafi ba tukuna. Kada daɗin wannan wurin ya ruɗe ka, ba mazauni ba ne.

Ga inda na saɓa da su duka biyun. Mutumin da ke gudun kilomita 60 a mako ba ya rasa numfashi bayan minti huɗu da rabi na dambe don gudu bai ishe shi ba, kuma ba don gudu ya yi masa yawa kaɗai ba. Ka ce ka ci turmin farko sarai. A nan nake zargin ɓarawon yake. Bari in zana maka yadda irin wannan turmin yake, ka duba ko ka gane kanka. Ƙararrawa ta kaɗa, zuciya na dukan uku-uku tun kafin a taɓa ka. Ka dunƙule hannu tamau a cikin safa tun daga daƙiƙar farko, alhali ba a dunƙule shi sai daidai lokacin da zai sauka. Kafaɗu sun haura kusa da kunnuwa. Ka cije robar baki, ka saki naushi shida a jere ba ka fitar da iska ko sau ɗaya ba. Ka taɓa shi, ka ga ya ɗan yi tangaɗi, 'yan kallo suka ɗauki ihu, sai ka bi shi da duk abin da kake da shi. Rabin naushin ya tafi a iska, wanda kuwa ya kuskure ya fi wanda ya samu cin ƙarfi, domin kai ne za ka tsayar da hannun ka dawo da shi. Ka koma kusurwa ka ci turmi a takardar alƙalai, amma ka kashe ƙarfin turmi biyu.

Manya ma sun faɗa wannan ramin. Ranar 30 ga Oktoba 1974 a Kinshasa, George Foreman yana ɗan shekara 25, ba a taɓa cin sa ba, ya yi ta jibgar Ali mai shekara 32 da ya jingina da igiya yana karewa. Zuwa turmi na takwas Foreman ya ƙare, Ali ya kai shi ƙasa. Francis Ngannou ɗan Kamaru, a Janairun 2018, ya fito wa Stipe Miocic da niyyar gamawa a turmin farko na wasan cin kambun UFC, wato gasar faɗan da ke haɗa dambe da kokawa. Bai samu ba, ya yi sauran turmi huɗun yana haki, aka cinye shi da maki. Da suka sake haɗuwa a Maris 2021 ya zo a natse, yana zaɓen naushinsa, ya gama da Miocic a turmi na biyu. Idan akwai bidiyon wasanka, ka zauna da takarda ka ƙirga naushin da ka saki a turmin farko, da waɗanda suka sauka, ka kwatanta da na biyu. Ka kalli kafaɗunka da bakinka. Ina kyautata zaton abin da za ka gani zai fi duk maganata shiga kanka.

Akwai ɓarawo na biyu, kuma da layi ɗaya ka wuce shi a wasiƙarka: rigar leda. Ka cire ta, ka jefar. Abin da take fitarwa ruwa ne, ba kitse ba. Idan ruwan jiki ya ragu jini ma yakan ragu, zuciya ta ƙara bugu don ta yi aikin da take yi da sauƙi a da. Rasa ruwan da ya kai kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ya isa ya rage juriya, kuma a damben masu tasowa galibi ranar wasan ake awo, babu isasshen lokacin mayar da abin da aka zubar. In haka ka sauke nauyi kafin wancan wasan, to ka shiga fili da gajiyarka a jiki. Abin kuma ya wuce maganar cin wasa. A ƙarshen 1997 'yan kokawa uku na jami'o'in Amurka suka mutu cikin 'yan makonni suna ƙoƙarin sauke nauyi ta hanyar ƙafar da ruwan jiki, har hukumar wasannin jami'o'in ƙasar ta haramta rigunan roba da shiga ɗakin zafi don wannan manufa. Kilo 3 cikin mako takwas bai kai rabin kilo a mako ba. Ɗan gyara a yawan abin da kake ci ya isa, kana shan ruwanka yadda ya kamata.

Ƙwaurin nan kuma ba abin wasa ba ne. Ka bi gefen ƙashin na ciki da yatsa kana dannawa. In ciwon a shimfiɗe yake, tsawon yatsu huɗu ko fiye, galibi wahala ce ta yi yawa kuma rage nauyi na maganin ta. In kuwa wuri ɗaya ne da kan yatsa ke iya rufewa, ko yana maka zafi idan ka yi tsalle da ƙafar ita kaɗai, ko yana damun ka da dare kana kwance, to yana iya zama ƙashin ne ya fara tsagewa, kuma hoton farko ba kullum yake nuna shi ba. Ko wanne ne, ka je likitan ƙashi ya duba kafin ka sake taka hanya. Tunda ka je, ka gaya masa yadda numfashinka ya ƙare, ya duba ko akwai ƙarancin jini ko asma mai tasowa da motsa jiki. Ka tuna tsallen igiya ma ƙwaurin yake duka. Keke da iyo suna yi wa zuciya aikin da gudu ke yi ba tare da sun taɓa ƙashin ba.

Idan likita ya sake ka, ga yadda zan so makonnin nan su tafi, kuma wannan abin da za ka kai wa Baba ne ya sa masa hannu, ba abin da za ka yi a bayan idonsa ba. A mako ukun farko ka dawo da gudu sau biyu kawai, minti 30 zuwa 40, a ƙasa mai taushi, da saurin da za ka iya faɗin jimla cikakkiya ba ka yanke ta ba. Ga mai shekarunka wannan kan kama bugun zuciya 130 zuwa 150 a minti. Ka ƙara rana ɗaya ta gudu mai kama da wasanka: minti uku da ƙarfi, minti ɗaya tafiya, sau huɗu, ka riƙa ƙarawa har shida. Daga mako na huɗu zuwa na shida nauyi ya koma ɗakin atisaye. Sassarfa ta rage saura ɗaya ko biyu, damben gwaji ya zama sau biyu a mako, turmi huɗu maimakon uku, kuma in da hali a riƙa canza maka abokin karawa kowane turmi, ya zo da sabon ƙarfinsa kai kana gajiye. A kan buhu kada ka tsaya wuri ɗaya kana duka kamar mai aikin lada. Ka yi yadda za ka yi a fili: daƙiƙa biyar zuwa goma na wuta, ka fita, ka zagaya hannu a sama, ka sake shiga, kana fitar da iska da ɗan sauti a kowane naushi. Ka roƙi Baba ya riƙa daka maka tsawa duk sanda ya ga kafaɗunka sun haura. Ka ware wasu turmin gwaji da ba ka neman cin kowa, aikinka kawai ka gama turmi na uku da yawan naushin da ka fara na farko. Wannan ya fi kowane gudu wuya ga mai zafin zuciya irinka.

Mako biyun ƙarshe na saukewa ne. Gwaji mai zafi na ƙarshe ya kasance kamar kwana goma kafin wasa, yawan atisaye ya ragu da kusan rabi, amma saurin ya zauna yadda yake. Ba a fafe gora ranar tafiya, abin da ba ka gina ba zuwa lokacin ba zai ginu ba. Rana ɗaya a kowane mako ta zama ta hutu cur, kada ka jera ranaku biyu masu zafi, kuma ka nemi barcin awa bakwai zuwa tara, wanda nake zargin gudun asuba ya daɗe yana gutsure maka. Ranar wasa ka ɗumama jiki har gumi ya tsattsafo, numfashi ya ɗan tashi ya sauka, kafin a kira ka. Don ka san ko abin na ci, ka riƙa ƙirga bugun zuciyarka na daƙiƙa 15 da zarar an gama turmi, ka ninka sau huɗu, ka sake ƙirgawa bayan minti ɗaya. Tazarar da ke tsakanin lambobin biyu kake so ta riƙa faɗaɗa mako bayan mako. Ka rubuta su a littafi. Dattijo na iya musun maganar yaro, amma lambar da aka ƙirga a gabansa tana da wuyar musu.

Yanzu Baba. Ka sa kanka a matsayinsa na ɗan lokaci. Ranar da aka cinye ka shi ma an cinye shi, a kusurwa yake tsaye yana kallon yaron da ya yi rainonsa shekara shida hannuwansa na zubewa. Ya koma gida ya nemi magani a cikin abin da ya sani, kuma abin da ya sani, wanda ya yi masa aiki a jikinsa, shi ne gudu. Kilomita biyun da ya ƙara maka ba hukunci ba ne, damuwa ce. Ga masu horarwa irinsa kuma gudun asuba ma'auni ne na wanda ya ɗauki abin da gaske, shi ya sa ba nisan da ka rage ne zai fi ƙona masa rai ba, ɓoyewar ce. Amma dole ya sani, kuma ba don ka huta da kunya kaɗai ba. Shi zai tsaya a kusurwarka. Zai tsara dabarar wasa ne bisa ƙafafun da yake zaton kana da su, ya ce ka matsa a turmi na uku saboda ya yi imani kilomita 72 na bayanka. Sannan ka tuna da ƙannenka da ke hannunsa. In ka ci wasan nan yana ganin ƙarin gudu ne ya ba ka, gobe kowane yaro a wurin sai ya yi kilomita 12, har da masu ƙwauri irin naka.

Ka same shi shi kaɗai, ba a gaban yara ba, ba kuma ana tsakiyar atisaye ba. Kada kalmar “tsohon yayi” ta fito daga bakinka, domin ba gaskiya ba ce ma. Kada ka shigo da sunan abokinka a matsayin malamin da ya fi shi. Ka fara da laifinka, ka tsaya a kansa ba tare da kwana-kwana ba: “Baba, na yi maka ƙarya. Mako uku ban yi gudun ba. Ƙwaurina ke ciwo, na ji tsoron in faɗa maka ka ga kamar ragwanci ne. Ka yafe mini.” Daga nan ka yi shiru. Zai yi faɗa, wataƙila ya yi kwana biyu bai kula ka ba. Ka ci gaba da zuwa a kan lokaci, ka gaishe shi yadda ka saba. Sai ransa ya sauka za ka kawo bidiyon da abin da likita ya ce, ka tambaye shi tambayar mai neman sani: “Baba, duba turmin farkon nan, a ina na zubar da ƙarfina?” Mutumin da ya yi dambe zai ga kafaɗun nan kafin ka nuna masa, kuma gyaran da ya fito daga bakinsa zai tsaya a kansa fiye da wanda ka kawo masa a rubuce. Sannan ka roƙi gwajin mako huɗu na tsarin da muka zana, da sharaɗin in lambobi da damben gwaji ba su nuna ci gaba ba, za ka koma yadda ya ce gwargwadon abin da ƙafar za ta ɗauka.

Abokinka bai yi maka mugunta ba, kuma ya ga abin da ke gaskiya, cewa ka gaji fiye da kima. Ka gode masa. Amma koyar da motsa jiki daban, shirya mutum ya hau fili a doke shi ya rama daban, kuma shawarar da sai a ɓoye ake bin ta ya kamata shi ma ta dame shi. In kana son atisayensa mai zafi, ka ba shi rana ɗaya a mako a madadin gudun minti uku-ukun nan, da sanin Baba.

In Baba ya kafe, kada ka koma ɓuya. Ka nemi wani tsohon ɗalibinsa da yake jin maganarsa ya sa baki, sau da yawa abin da ba a karɓa daga yaro ana karɓar sa daga babba. Kana iya kuma neman sassauci ta wata fuska: ka riƙa fitowa da asuba tare da kowa kamar kullum, don kada a ce an fifita ka, amma kwana uku ka yi minti 30 ka tsaya, sauran ranakun ka hau keke ko ka yi naushin iska. Da yawa daga cikin dattawan nan fitowar ce ta dame su, ba adadin kilomita ba. In likita ya ce ƙashin ya tsage, to maganar wasan nan ta ƙare, ka janye ko da ran kowa zai ɓaci, domin irin wannan tsagewar makonni take ɗauka kafin ta haɗe, in aka taka ta kuma ta zama karaya. In kuma bayan takardar likita da sa bakin manya ya ce lallai sai ka yi gudu a kan ƙafar da ke ciwo, kana da damar neman wani mai horarwa, amma ka je har gabansa ka yi masa sallama da godiya, kada ya ji a bakin wasu. Ban sa ran za a kai nan ba.

Gobe da asuba kada ka fita gudu, kada kuma ka ce ka fita. Ka je a duba ƙwaurin, sannan ka nemi Baba kafin makon nan ya fita, tun da sauran lokacin da zai gyara shirinsa a kanka. Allah ya ba ka sa'a, ɗana, ka rubuto mini yadda kuka yi.